Ƙwallo 122 a Garin Ƙarfe: Kakar da Middlesbrough da George Camsell Suka Kafa Tarihi

Ranar Kirsimetin 1926, a filin Maine Road da ke birnin Manchester, ƙungiyoyi biyu da suka fi kowa zafin kai hari a rukuni na biyu na gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila suka kece raini. Masu masaukin baƙi, Manchester City, sun zura ƙwallo uku a raga, abin da a mafi yawan ranaku ya isa a tashi da nasara. Amma baƙin, wato Middlesbrough, biyar suka zura, kuma mutum ɗaya ne ya ci su duka. Sunansa George Camsell, saurayi ɗan shekara 24, wanda 'yan shekaru kafin wannan rana a ramin haƙar kwal yake neman abinci.

Kafin a rufe kakar 1926 zuwa 1927, Camsell ya ci ƙwallo 59 a wasa 37 na gasar, ƙungiyarsa kuma ta ci 122 a wasa 42. Yau kusan shekara ɗari ke nan, babu ɗan wasan da ya kamo shi a rukuni na biyu, babu kuma ƙungiyar da ta kamo Middlesbrough a wannan rukuni. Duk da haka, idan ka shiga gidan kallon ƙwallo a Kano ko Maraɗi, inda matasa suka haddace tarihin gasar Ingila tamkar ta unguwarsu, da wuya ka samu wanda ya taɓa jin sunansa. A Ingilar ma kanta, in ka fita daga yankinsu, kaɗan ne suka san shi. Dalilin wannan mantuwa ƙwallo ɗaya ce tak, da kuma rainin da ake yi wa duk abin da aka yi a ƙasa da rukunin farko.

Garin da ƙarfe ya gina

Middlesbrough na arewa maso gabashin Ingila, a bakin kogin Tees. A farkon ƙarni na 19 'yar ƙauye ce mai gidaje ƙalilan. Jirgin ƙasa mai ɗauko kwal ne ya fara raya ta, sannan a 1850 aka gano tama a duwatsun Eston da ke kusa. Daga nan masana'antun narka ƙarfe suka jeru a bakin kogin, ma'aikata suka yi ta kwararowa, har ya zama a shekarun 1920 mutanen garin sun haura dubu 130. Babban kamfanin garin, Dorman Long, shi ne ya samu kwangilar gina shahararriyar gadar nan ta mashigin ruwan Sydney a Ostireliya a 1924, shi ne kuma ya gina gadar kogin Tyne a Newcastle.

Ƙungiyar ƙwallon garin an kafa ta a 1876, ta koma filin Ayresome Park a 1903. A 1905 ta girgiza Ingila da ta sayi Alf Common daga Sunderland kan fam 1,000, karo na farko da aka biya irin wannan kuɗi kan ɗan wasa. To amma kuɗi bai kawo kofi ba. A 1924 ta faɗo daga rukunin farko, kuma kakarta ta farko a rukuni na biyu abin tausayi ce: ƙwallo 36 kacal a wasa 42, da kunnen doki har 19.

Shekarar 1926 ta zo wa yankin da ƙunci. A farkon watan Mayu masu mahaƙun kwal suka rufe wa ma'aikata kusan miliyan ɗaya ƙofa, saboda sun ƙi yarda a rage musu albashi a ƙara musu awannin aiki. Sauran ƙungiyoyin ƙwadago suka mara musu baya da yajin aikin gama-gari na kwana tara, daga nan suka janye, suka bar mahaƙa su kaɗai. Mahaƙan suka daure har zuwa ƙarshen Nuwamba, yunwa ta tilasta musu komawa bisa sharuɗɗan da suka ƙi tun farko. Garin da ke rayuwa da narka ƙarfe ba ya motsi in babu kwal. Wutar masana'antu ta mutu, dubban magidanta suka zauna ba aiki. A cikin wannan hali aka buɗe kakar wasa a ƙarshen watan Agusta, kuma mutanen da ke tsayuwa a Ayresome Park ranar Asabar su ne waɗannan ma'aikata da 'ya'yansu.

Gyaran dokar satar gida

Ba za a fahimci ƙwallo 122 ba sai an koma ga abin da ya faru a Paris a watan Yunin 1925, lokacin da hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta gyara dokar satar gida. Kafin nan, duk ɗan wasan da za a miƙa wa ƙwallo a gaba dole ne a samu abokan hamayya uku tsakaninsa da layin raga. A tsarin wancan zamani kowace ƙungiya na tsayar da mai tsaron raga, 'yan baya biyu, 'yan tsakiya uku da 'yan gaba biyar. Saboda haka da zarar ɗaya daga cikin 'yan bayan nan biyu ya matso gaba, maharin ya faɗa tarko, alƙalin wasa ya busa. 'Yan bayan Newcastle, Bill McCracken da Frank Hudspeth, sun shahara da wannan dabara, wasu suka kwaikwaye su, wasa ya zama na busa da tsayawa, 'yan kallo suka fara gajiya.

Gyaran da aka yi shi ne rage ukun zuwa biyu. Nan take raga ta buɗe. A ranar farko ta sabuwar kakar Aston Villa ta lallasa Burnley da ci 10 da nema. Jimillar ƙwallayen rukunin farko ta tashi daga 1,192 a kakar 1924 zuwa 1925, ta kai 1,703 a kakar da ta biyo baya. Kafin gyaran, babu wanda ya taɓa wuce ƙwallo 38 a kaka guda a rukunin farko. A kakar farko bayan gyaran Ted Harper na Blackburn ya ci 43.

Masu horarwa ba su zauna ba. A Arsenal, bayan Newcastle ta yi musu 7 da nema a watan Oktoban 1925, Herbert Chapman da kyaftin ɗinsa Charlie Buchan suka fara jawo ɗan tsakiya guda baya domin ya zama na uku a masu tsaro, ya manne wa mai lamba tara. Sai dai wannan magani ya ɗauki shekaru kafin ya game ko'ina. A tsakanin nan aka samu wani ɗan lokaci da fili ya zama na ɗan gaba mai gudu, mai ƙarfin ƙirji, wanda ke iya ratsawa tsakanin 'yan baya biyu ya tari doguwar ƙwallo. Irin wannan ɗan wasa Middlesbrough ke da shi, amma a ajiye yake cikin 'yan jiran ko-ta-kwana.

Daga ramin kwal zuwa Ayresome Park

An haifi George Camsell a watan Nuwamban 1902 a Framwellgate Moor, ƙauyen mahaƙa da ke gefen birnin Durham. Kamar sauran samarin yankin, ya shiga aikin kwal tun yana yaro, yana buga ƙwallo a ƙananan ƙungiyoyin ƙauyuka irin su Esh Winning da Tow Law Town. Daga nan Durham City, wadda a lokacin take rukuni na uku shiyyar arewa, ta ɗauke shi. Ya ci mata ƙwallo 20 a wasa 21, sai Middlesbrough ta saye shi a watan Oktoban 1925 kan fam 500.

Zuwansa bai tayar da ƙura ba. Gurbin mai lamba tara na hannun Jimmy McClelland, ɗan Sukotilan, wanda ya ci fiye da ƙwallo 30 a wannan kaka. Wasa huɗu kawai Camsell ya samu, ya ci uku. Labarin da magoya bayan ƙungiyar suka daɗe suna bayarwa shi ne, saura ƙiris a sayar da shi ga Barnsley kan fam 200, cinikin ya rushe ne don Barnsley ta kasa haɗa kuɗin. Bahaushe ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Mai horar da ƙungiyar, Herbert Bamlett, tsohon alƙalin wasa ne. Shi ya busa wasan ƙarshe na Kofin FA a 1914. Ya buɗe kakar 1926 ba tare da Camsell ba, kuma farkon ya yi muni: wasa huɗu babu nasara ko ɗaya. Raunin da McClelland ya ji ne ya buɗe wa Camsell ƙofa a watan Satumba. Tun daga nan gurbin bai koma hannun mai shi ba.

Yadda kakar ta gudana

Daga tsakiyar Satumba sai ƙwallaye suka fara zuba. Camsell ba dogo ba ne can, amma yana da kauri da gudu, yana bugu da ƙarfi, ba ya kuma jin tsoron karo. Sau tara a wannan kaka ya ci ƙwallo uku ko fiye a wasa guda na gasar, abin da har yau ba a sake gani ba a gasar Ingila. Kafin hunturu ya wuce ya riga ya shafe duk wani tarihin cin ƙwallo da aka taɓa kafawa a kowane rukuni, har da 44 da Jimmy Cookson ya ci wa Chesterfield a kakar da ta gabata. Idan aka haɗa da na Kofin FA, ƙwallayensa sun kai 63.

Ya kamata mai karatu ya tuna irin filin da ake wannan aiki a kai. Ƙwallon fata ce mai ɗinki, wadda ke shan ruwa ta yi nauyi idan ana ruwan sama. Daga Nuwamba zuwa Maris filayen arewacin Ingila taɓo ne zalla. Babu canjin ɗan wasa: wanda ya ji rauni ko dai ya koma gefe yana ɗingishi, ko ƙungiyarsa ta ƙarasa da mutum goma. Doka ta yarda a bangaji mai tsaron raga da kafaɗa, 'yan baya su ma ba sa raga wa kowa. Albashi kuwa an yi masa iyaka: fam 8 a mako lokacin kaka, fam 6 lokacin hutu, komai gwanintar ɗan wasa. Kuɗi ne mai kauri idan aka gwada da abin da mahaƙi ke samu, amma ba dukiyar da za ta raba mutum da unguwarsu ba. Wanda ya ci ƙwallo biyar ranar Asabar, maƙwabcin masu kallonsa ne.

Camsell bai yi aikin shi kaɗai ba, lissafi ma ya nuna haka. Cikin ƙwallo 122, nasa 59 ne, sauran 63 abokan wasansa suka ci. Layin gaba na mutum biyar ya zauna daram: Billy Pease a gefen dama, Owen Williams a gefen hagu, Billy Birrell da Jackie Carr a ciki, Camsell a tsakiya. Carr ɗan yankin ne, tsohon hannu da ya taɓa buga wa Ingila, gwanin zare ƙwallo ta tsakanin masu tsaro. Birrell shi ne ke tsara wasa, kuma shi ne daga baya ya zama kocin Chelsea na tsawon shekaru. Pease da Williams su ke buɗe fili, su ja 'yan baya zuwa gefe, su kwararo ƙwallo cikin da'ira, sau da yawa kuma su ƙarasa da kansu. Idan abokan hamayya suka taru a kan Camsell, ƙofa ta buɗe wa sauran huɗun. Idan suka rarrabu, ya samu hanya.

Abin mamaki, wanda ya haɗa wannan tawaga bai ga ƙarshen aikinsa ba. Ana saura makonni a kammala gasar, ƙungiya na saman teburi, shugabanninta suka raba gari da Bamlett suka kawo Peter McWilliam, wanda ya ci Kofin FA da Tottenham a 1921. Bamlett ya wuce Manchester United. Sauyin bai girgiza 'yan wasan ba. Suka gama da nasara 27, kunnen doki 8, rashin nasara 7, aka zura musu 60. A zamanin da nasara ke da maki biyu, suka tara 62, tazarar maki takwas tsakaninsu da mai bi musu. Ƙungiyar da shekara biyu baya ta ci ƙwallo 36 gaba ɗayanta, yanzu mutum ɗaya a cikinta ya ci 59.

Kada a ɗauka rukunin na raunana ne. Gurbi na biyu na haurawa sama ya zama abin kokawa tsakanin Portsmouth da Manchester City, kowacce da maki 54. A ranar ƙarshe City ta ci Bradford City 8 da nema, Portsmouth ta ci Preston 5 da 1. A lokacin ana raba gardama ne ta hanyar raba ƙwallayen da ƙungiya ta ci da waɗanda aka ci ta. Portsmouth na da 87 da 49, City na da 108 da 61, sai Portsmouth ta haye da bambancin kusan kashi ɗaya cikin 200 na ƙwallo guda. Ƙungiyar da ta ci ƙwallo 108 ta kwana a rukuni na biyu, kuma ita ce Camsell ya zura wa biyar a gidanta.

A wannan bazara ta 1927 arewa maso gabashin Ingila, yankin da yajin aiki ya jigata ƙwarai, ya riƙe kofunan rukunai biyu na sama: Newcastle, da Hughie Gallacher a gaba, ta ɗauki na farko, Middlesbrough ta ɗauki na biyu. Ƙwallo ba ta biya wa kowa kuɗin haya ba, ba ta mayar da albashin da aka zaftare ba. Abin da ta bai wa mutanen nan shi ne hujjar ɗaga kai, a shekarar da aka karya su a kan kusan komai, kuma ta hannun wanda ya fito daga cikinsu.

Ranar 5 ga Mayu, 1928

Tarihin Camsell na gasar Ingila baki ɗaya shekara ɗaya kawai ya yi a tsaye. A kakar da ta biyo baya, wani matashi ɗan shekara 21 a Everton, Dixie Dean, ya yi ta cin ƙwallo a rukunin farko har ya shiga wasan ƙarshe da 57. Yana buƙatar uku a kan Arsenal a Goodison Park. Ya ci biyu tun kafin hutun rabin lokaci, ya sa kai ya ci ta uku ana saura 'yan mintuna a tashi. An tashi 3 da 3, Everton ta riga ta lashe gasar, Dean ya cika 60 a wasa 39.

A wannan rana dai, a Ayresome Park, Middlesbrough ta karɓi baƙuncin maƙwabciyarta Sunderland, dukkansu suna gudun faɗuwa. Sunderland ta ci 3 da nema, Middlesbrough ta ƙare a ƙasan teburi da maki 37, ta koma inda ta fito. Kakar ta yi matsi ƙwarai, domin maki bakwai ne kawai tsakaninta da Derby County da ta zo ta huɗu. Camsell ya ci ƙwallo 33 a rukunin farko a wannan kaka, amma a yini guda ya rasa tarihinsa, ƙungiyarsa ta rasa gurbinta.

Bai karaya ba, bai kuma bar garin ba. A 1929 Middlesbrough ta sake lashe rukuni na biyu ta dawo sama, inda ta zauna har Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da gasar a 1939. Kaka goma a jere shi ne kan gaba wajen ci wa ƙungiyar ƙwallo. Jimilla ya ci mata 345 a wasa 453, 325 daga ciki a wasannin gasa, kuma har gobe babu wanda ya kai shi a ƙungiyar.

Amsar masu cewa rukuni na biyu ne

Hujja biyu ake kawowa don rage darajar kakar 1926 zuwa 1927. Ta farko, wai sabuwar dokar satar gida ce ta yi aikin. Gaskiya ne dokar ta buɗe fili, kuma shekarun da suka biyo baya sun cika da manyan alƙaluma: Millwall ta ci 127 a rukuni na uku shiyyar kudu a 1928, Bradford City ta ci 128 a shiyyar arewa a 1929, Aston Villa ta ci 128 a rukunin farko a 1931, Joe Payne na Luton ya ci goma a wasa guda a 1936. Amma dokar ta kowa ce. Ƙungiya 22 ke rukuni na biyu, kowacce da mai lamba taranta, babu ko ɗaya da ya kusanci 59. Dean ma a ƙarƙashin wannan doka ya ci 60 ɗinsa, ba a kuma taɓa rage masa daraja saboda ita ba.

Hujja ta biyu, wai a ƙaramin rukuni aka yi. Camsell ya amsa wannan da ƙafarsa. Mafi yawan ƙwallayensa na gasa a rukunin farko ya ci su. Da Ingila ta kira shi a 1929, ya ci Faransa biyu a wasansa na farko, ya ci Beljiyam huɗu, ya ci Wales uku. A Disambar 1935 ya ci biyu a wasan da Ingila ta doke Jamus 3 da nema a Landan. Sau tara kacal aka ba shi rigar ƙasa tsakanin 1929 da 1936, ya ci ƙwallo 18, babu wasan da ya fita bai ci ba. Laifin ƙarancin wasannin na masu zaɓe ne, waɗanda suka riƙa sauya 'yan gaba a zamanin da Ingila ke da su jibge.

Ma'aunin zamani ma na nuna girman abin. Rukuni na biyu yanzu wasa 46 ake bugawa, ƙari huɗu a kan na wancan lokaci. A kakar 2021 zuwa 2022 Aleksandar Mitrović ya ci wa Fulham 43, aka yi ta jinjina masa, kuma ya cancanta. Amma saura 16 ya kamo Camsell, Fulham ɗin kuma 106 ta ci. A kakar da ta biyo baya Chuba Akpom, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya zama gwarzon masu cin ƙwallo a rukunin da 28, sanye da jar rigar Middlesbrough, rigar da Yakubu Aiyegbeni da John Obi Mikel su ma suka taɓa sawa. Ko an ninka 28 ɗin nan sau biyu, ba ta kai abin da mahaƙin Durham ya yi a wasa 37 ba.

Bayan ya rataye takalmi Camsell ya ci gaba da yi wa ƙungiyar hidima, a matsayin mai horarwa, mai farautar sababbin 'yan wasa, sannan ma'aikacin ofis, har ya yi ritaya a 1963. Ana danganta shi da gano Brian Clough, ɗan garin da ya zama babban mai cin ƙwallo kuma daga baya shahararren koci. Ya rasu a watan Maris na 1966. Sai a 2022 aka kafa mutum-mutuminsa a harabar filin Riverside, gidan ƙungiyar tun 1995, bayan magoya baya sun shafe shekaru suna fafutuka da tara kuɗi.

Wannan jinkiri na nuna yadda ake rubuta tarihin wasanni. Ana ajiye sunan wanda ya zo na ɗaya a babban dandali, a bar saura ga ƙwaƙwalwar mutanen garinsu. Dixie Dean ya cancanci duk yabon da ya samu. Amma adadin da ya bi da gudu har mintunan ƙarshe a 1928, Camsell ne ya kafa shi, a wasanni ƙasa da nasa, tare da abokan wasa huɗu da su ma ba a cika ambatonsu ba. Duk mai son sanin ƙwallon Ingila da gaske, ba manyan ƙungiyoyinta kaɗai ba, ya wajaba ya sa Middlesbrough ta 1927 cikin ƙungiyoyin da suka fi kowa iya kai hari a tarihin ƙasar, ya kuma sa George Camsell a sahu ɗaya da manyan masu cin ƙwallonta.